Riguna Bakwai a Jiki Ɗaya

Har yau in aka ce taurin kai ne ya hana ni tuɓe rigunan nan, ba na musu. Taurin kai ne, kuma ban taɓa nadama ba.

A shekarun farko na zuwan Nasara ne, lokacin da aka kakkafa alamu tsakanin Illela da Kwanni, wai nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransa. Mu uku muka kora jakuna kasuwar Kwanni sayen rigunan kwance, waɗanda masu su suka gaji da su suka miƙa wa dillalai: ni, da abokina wanzami, da ɗan kawuna mai bakin tsiya. Muka yi ta ɗaga riguna a rana muna neman huji, muna shinshina hammata. Shida na saya don in sayar. Ta bakwai, wata saƙi mai aikin aska biyu, babana na saya wa. Tun da gobara ta cinye ɗakinsa ya daina zuwa masallacin Juma'a, don ba ya iya tsayawa a sahu da 'yar shara.

To, a bakin iyaka akwai malamin fito, zaune gindin gawo da dogarinsa. Kowane kaya aka kwance, rigar da ta fi kyau yake zarewa. Na san saƙin nan idonsa zai fara faɗawa. Wanzami ya kawo dabara: abin da ke jikin mutum tufa ne, ba kaya ba. Muka laɓe bayan wata geza muka jibga su duka, saƙin daga can ciki. Ga bazara, ga rana tsaka. Muka fito muna tafiya kamar rumbuna.

Malamin ya dube mu sama da ƙasa.

"Samari, mi yas same ku?"

Na ce, "Sanyi muka ji, malam."

"Ashsha, sannunku! To ku zauna can cikin rana ku ji ɗumi."

Ja'irin mutum! Muka zauna kan rairayi mai ƙuna. Ɗan kawuna, mai cika bakin nan, shi ya fara tuɓewa, aka zare masa guda. Wanzami ya daure har idonsa ya fara juyawa, shi ma ya sallama. Suka koma inuwa suna roƙona.

"Haba ɗan'uwa, za ka kashe kanka a kan tsumma?"

Ban ko dube su ba. Gumi na bin ƙafafuna, kunnuwana na ƙara, raina kuwa ya gama ɓaci. Wannan hanya kakana ya bi ta ba wanda ya kwance masa kaya.

Da la'asar ta yi malamin ya ja salla, na shiga sahu da rigunana. Da aka ɗago daga sujada ta ƙarshe, ni na kasa ɗagowa. Bayan sallama shi da kansa ya kama kafaɗata ya tayar da ni. Yatsunsa suka shiga wuyan rigunan yana ƙirgawa, har ya taɓo saƙin.

"Wagga ta ciki fa?"

Na ce, "Ta babana ce, da ita zai je Juma'a. In kana son ta, tuɓe ni da hannunka, nan inda muka yi salla."

Ya riƙe wuyan rigar ya daɗe. Dogari ya matso, malamin ya ɗaga masa hannu.

"Ku tafi da shi, kada sanyi ya kashe shi nan."

Ban gode masa ba. Gode mi? Kuma ban cire ko ɗaya ba sai a zauren gidanmu, inda aka ɓamɓaro saƙin daga fatata, shuni ya rine mini ƙirji.

Inna ta ce a wanke ta tukuna, baba ya ce ba mai sa mata ruwa. Ranar Juma'a na tsaya bayansa a sahu, jikina duk ƙuraje, ina kallon gishirin gumina fari fat a kafaɗunsa.