Sumunti Ya Ci Ƙafar Kawu

Farkon samun jihar Kebbi, aikin gini ya buɗe a Jega, ni da kawuna muka baro Maiyama muka shiga leburanci. Kawu tsohon maginin laka ne, da ƙafa ya saba kwaɓa ƙasa. Da aka zube mana sumunti sai ya naɗe wando ya shiga yana takawa, mu ma muka bi shi.

Ana nan kamfanin da muke wa aiki ya turo wani jami'i ya koya mana kiyaye haɗari. Ya tara mu a inuwa, ya raba hulunan kwano, ya yi ta zuba kan yadda ake hawa tsani. Ƙafafunmu kuwa ga su gabansa, fari fat, sun tsattsage har da jini. Kawu ya miƙa tasa ya ce, "Malam, wagga fa?" Mutumin ya yamutsa fuska, wai tambaya sai an gama. Yana gamawa ya shige mota.

Buɗe baki ya ce mana sumunti na cin fata, shi ne ya gagari jami'in nan! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Gyambon da ƙafar ta yi bai bar Kawu ya sake gini ba. Hular kuwa tana nan rataye a ɗakinsa, ko ƙwarzane babu.