Sati Shida Ba Ƙorafi

Marasa lafiya ne suka raɗa mata suna Sista Ina-zuwa, don duk wadda ta kira ta abin da za ta ji ke nan. Ba ƙarya take yi ba kuwa, tana zuwa ɗin, sai dai ki yi haƙuri. Shekararta hamsin da uku, ashirin da takwas daga ciki a tsaye ta yi su. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta tilo tana aure a wani gari mai nisa, takan bugo waya da rana lokacin da wayar ke kulle a loka, akwatin ajiyar kayan ma'aikata, in Sista ta tashi aiki ta kira kuma sai ta tarar ana yi wa yara wanka. Ɗaki ɗaya take haya a bayan wani shagon walda.

Ɗakin mata na asibitin gado ashirin da biyu ne, kuma da can nas huɗu ke riƙe shi da rana. Da wani kamfani ya sayi asibitin sai aka yi sabon fenti, aka sa kifaye cikin gilashi a wurin karɓar baƙi, nas suka koma uku, sannan biyu: ita da Uwar Biyu. Su dai kifayen, Allah shaida, ba a taɓa rage musu abinci ba.

Tare suka yi makarantar jinya da Uwar Biyu, tare suka yi shekara goma sha tara a wannan ɗaki. Mace ce mai jiki da baki, kuma duk duniya ita kaɗai ke sa Sista dariya har da riƙe ciki. Da ƙarfe ɗaya sukan shige ɗan ɗakin ajiye magani su sha shayi a tsaye, minti biyar, su yi gulmar likitoci.

Abu ɗaya ke haɗa su faɗa, wata koriyar takarda da kamfanin ya kawo, wai duk abin da ya kuskure a rubuta. Magani ya makara, a rubuta. Mara lafiya ta zame a banɗaki, ko an wuce lokacin tashi, a rubuta. Uwar Biyu ba ta ɗaga ƙafa, wata rana uku take cikewa.

"Ke wai ba kya jin kunya?" in ji Sista. "Kullum kina kai ƙarar kanki."

"Ba kaina nake kai ƙara ba, ƙawata. Mutanen sama ba su da ido, sai takarda. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu bai faru ba."

Sista ta taɓe baki. Ita ba haka aka koya mata ba. Malamarsu ta dasa musu cewa nas ta ƙwarai ba ta miƙa aiki da saura, ba ta kuma tallan gajiyarta.

Ana nan sai gwiwar Uwar Biyu ta ƙi, aka ce sai an yi mata aiki, hutun sati shida. Manajan asibitin, wani mai taushin murya da ƙamshin turare wanda bai taɓa ɗaukar fo a rayuwarsa ba, ya ce ana nan ana neman wadda za ta riƙe. Tsoro ya kama Sista. Kwantiragin ƙawarta ya kusa ƙarewa, kuma ta san halin mutanen kamfanin: in ɗakin ya rikice za su kawo sabuwa mai lafiyayyar gwiwa, su manta da tsohuwa. Ta ƙudura a ranta cewa za ta riƙe wurin nan yadda ba wanda zai ga gurbi.

Aikinta bakwai da rabi ne, ta koma zuwa ƙarfe shida, amma ba ta ɗora yatsa a na'urar da ke rubuta lokacin shiga aiki sai lokaci ya yi. Da ƙarfe huɗu ta sake ɗora yatsa kamar mai tafiya gida, ta dawo ta ƙarasa wankin miki. Ita kaɗai take juya matan da mutum biyu ke juyawa. Ta daina shan shayi don kada fitsari ya ci mata lokaci. Ranar da tsohuwar gado na sha huɗu ta faɗi tana neman takalminta, Sista ta ɗaga ta, ta duba ba karaya, ta gaya wa likita da baki, koriyar takarda kuwa ko kallonta ba ta yi ba. In ta koma ɗaki sai ta tsoma ƙafafu a bokiti, mai walda ya rufe shago, shiru ya sauko. Ta yi kewa ƙwarai, kewar wanda zai tambaye ta ya aiki.

Ba a kawo kowa ba har sati na shida, sai manaja ya aiko kiranta. Ya miƙe ya tarbe ta, ya ba ta takardar yabo cikin firam, sannan ya juyo mata da kwamfuta.

"Duba nan, Sista. Da kuna biyu, ƙorafi arba'in a wata. Ke kaɗai, sati shida, ko ɗaya babu. Ba ƙarin lokaci, ba wadda ta faɗi. Kin nuna mana nas ɗaya ta isa ɗakin nan."

"Yallaɓai, ai ba ta isa ba." Ta ajiye firam ɗin a kan tebur. "Ƙarfe shida nake zuwa. Tsohuwa ta faɗi. Bayana ko sunkuyawa ba na iya yi."

"A ina aka rubuta?"

Ba da mugunta ya tambaya ba, har biro ya ɗauka. Ya ce ba za a sabunta kwantiragin Uwar Biyu ba, an riga an sa hannu, kuma za su so ta koya wa sauran ɗakuna dabararta. Kafin azahar labari ya zaga. Nas ɗin ɗakin maza ta gan ta a matakala ta kau da kai.

Ranar Litinin Uwar Biyu ta zo da sanda, ta kwashe kayan lokarta cikin leda: kofi, silifa, wata tsohuwar rigar sanyi. Sista ta tsaya a bayanta hawaye na zuba.

"Wallahi don ke na yi."

"Na sani, shi ya sa na rasa wanda zan zaga." Ta ɗaure bakin ledar. "Kin rame, ke. Ki riƙa cin abinci, kin ji? Zo ki taka min, ƙafar nan ba ta son matakala."

Sista ta karɓi ledar, ta riƙe mata hannu. Sun kai ƙofar ɗakin ke nan ƙararrawar gado na tara ta ɗauka, ta matar da ake ƙara wa jini tun safe. Duk suka tsaya. Babu wadda za a bar wa ɗakin, kuma su biyun sun sani.

"Je ki," in ji Uwar Biyu, ta zare ledar daga hannunta.

Robar ƙarin jinin ce ta toshe, sai da aka sake neman jijiya. Da Sista ta gama ta leƙa ta taga, ba kowa a bakin get sai maigadi yana karkaɗe kujerarsa.