Rawanin da Muka Naɗa wa Kawu

Duk shekara, da zarar an kwashe amfanin gona, kafin Fulani su shigo da shanu cin kara, muna yin gasar golf ta ƙasa da ƙasa. Kada sunan ya tsorata kowa. Mu shida ne daga Daura, su shida daga Matamaye a Nijar, tafiyar da ba ta isa ta sa mutum yunwa ba. Amma tunda sai an tsaya a iyakar Kwangwalam jami'ai sun leƙa bayan mota sun tambayi amfanin sandunan nan, babu mai hana mu kiranta ta ƙasa da ƙasa. Bana a wurinmu, baɗi a wurinsu.

Filinmu gonar kawuna ce a hanyar Zango. Ramuka tara, kowanne gwangwanin madara ne aka binne, aka kewaye shi da yashin da aka cuɗa da baƙin mai don ya kwanta. 'Yan rediyo na kiran wasan ƙwallon lambu, mu kuwa ban da ƙarangiya babu abin da ke fitowa a namu lambun. Wanda ya yi nasara shi ke tafiya da wata butar tagulla, ya riƙe ta shekara guda.

Kawu ne ya kafa abin. Tsohon malamin dabbobi ne, ya koyo wasan a Kaduna, ya dawo gida da jakar sandunan da mutanen unguwa suka ɗauka na kashe maciji ne. Wajen allurar shanu a bakin iyaka ya haɗu da wani malamin makaranta na Matamaye mai irin ciwonsa, wanda kowa ke kira Mushe, yadda ake kiran malaman boko a can. Su biyu suka fara, mu duk daga baya muka shigo.

Shekarar da aka ɗora mini sakatare, na zaci wahalar ba ta wuce tsayar da rana ba. Sati biyu aka yi ana musu a wasaf, wannan yana da biki, wancan gyaɗarsa ba ta bushe ba, mutanen Matamaye kuma sun kafe sai an canza mai dama fura, wai ta waccan shekarar ce ta kashe musu jiki. Na raba masauki, na samo rago, na kai wa jami'an iyaka takarda. Duk wannan mai sauƙi ne. Babban aikin shi ne Kawu.

Shekara uku a jere muna rasa butar, kuma kowace shekara da wasa ɗaya tak, wasan Kawu. Hannunsa na nan da ƙarfi, idon ne ya tafi. Sai ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla, ya sheƙa wa ƙwallo duka mai kyau, ta nufi Zango alhali ramin yana wajen Daura. In aka gaya masa sai ya ce iska ce. Ga shi muna da wani matashin likita da ya iya wasa, yana zaune a benci yana jiran gurbi.

Muka yi taro ba da saninsa ba. Gwaninmu, wani Ibo mai kantin kayan gyaran mota da ya kusa shekara talatin a Daura, ya ce shi bai ga abin taro ba, a je kawai a gaya wa Baba idonsa ya mutu, ya huta. Muka bi shi da kallo kamar ya zagi limami. Wa zai buɗe baki ya ce da dattijo, a gonarsa, a wasan da ya kafa, ya koma gefe? A ƙarshe ni na kawo dabarar, kuma a lokacin har daɗi na ji da kaifin kaina. A wajenmu in ana son sauke babba ba a sauke shi, ɗaga shi ake yi. Na ce mu ba shi sarauta.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar muka cika zaurensa da farin rawani da alkyabbar aro. Muka naɗa shi Sarkin Fili. Na miƙe na yi jawabi, na ce daga yau shi ne uban gasa, shi ke raba gardama, kuma ba girman sarki ba ne a gan shi cikin rana yana bin ƙwallo. Aka yi ta ran sarki ya daɗe. Kawu ya shafa rawanin, ya juyo inda ya ji muryata.

“Sandunana fa, ɗan nan?”

Na ce za a jingina su kusa da kujerarsa, don girmamawa.

Ya ce, “To, madalla.”

Ranar gasa muka kafa masa rumfa gindin gawo, ya zauna cikin alkyabba yana zufa. Motar baƙi ta iso da hantsi. Mutum shida suka fito, ban ga Mushe a ciki ba. Can sai aka buɗe gidan gaba, aka riƙo wani tsoho a hankali, kansa ɗauke da rawanin da ya fi na Kawu girma. Sakatarensu ya matso ya raɗa mini cewa hannun Mushe ya fara karkarwa, shi ya sa suka naɗa shi Uban Tafiya. Na dube shi, ya dube ni, kowa ya sunkuyar da kai.

Aka zaunar da Mushe kusa da Kawu. Kawu ya miƙa hannu ya lalubi kan abokinsa, ya ji ƙyalle naɗi bisa naɗi.

“Kai ma?”

“Ni ma,” in ji Mushe. “Nawa har da kunnuwa.”

Suka yi dariya har sai da aka kawo musu ruwa.

Muka shiga fili. Likita ya yi abin da aka sa shi dominsa, Ibo ya yi nasa, kafin la'asar mun karɓe buta. Na ɗauko ta da murna na nufi rumfa don in miƙa wa sarki, sai na tarar da kujeru biyu, kowace da rawani a kai, sanduna babu. Na hango su can rami na tara, kai ba hula. Mushe yana riƙe da kafaɗun Kawu yana juya shi, yana cewa dama kaɗan, tsaya nan. Kawu ya buga. Ƙwallon ta gangara kan yashin nan ta tsaya taki ɗaya daga gwangwani, abin da rabonsa da yi an jima.

Na matsa na durƙusa na ce ga buta ta dawo gida.

“Kauce, ka tare mini rami,” in ji Kawu. Bai ko taɓa ta ba. Sai da ya jefa ƙwallon ya ji ƙararta cikin gwangwani sannan ya ce, “Ɗan nan, gaba in za ku cire mutum, ku gaya masa. Rawanin nan zafi gare shi.”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. A hanyar gida na yi wa kaina alkawari baɗi sai na ƙara wasa na bakwai, na tsofaffi biyu, ko da za su wuni a rami ɗaya. Har na rubuta shi cikin tsari, mutanen Matamaye suka amince ba musu.

Damina na tsaka aka bugo mana waya Mushe ya rasu. Da kaka ta zo na je na tambayi Kawu ko in samo masa wani abokin wasa. Ya ce a'a, a kakkaɓe masa rawaninsa kawai, yanzu ya yi masa daidai.