Bel ɗin motar yana wuyan rago

Jama'a, yau saura kaɗan mu dambace da dillalin mota a Ɗanbatta!

Na je duba wata mota ta hannu, ɗauke da kujerun 'yan biyuna da ake ɗaurewa da bel. Tun hatsarin bara ba na ɗaukar su haka kawai. Ina buɗe ƙofar baya, babu bel, an yanke!

Na ce, "Malam, ina bel?"

Ya ce, "Ka cika tsirfa! Uwarsu ba ta da cinya ne?"

Sai ga mai motar yana jan rago. Wallahi bel ɗin ne a wuyansa!

Wai, "In ka saya, na kwance maka."

Na ce, "Bar wa ragonka, Alhaji!" Na kwashi kujeruna.