Delu da Kasuwar Gindin Kuka

Mun tashi a wani ƙauye bayan Dayi, zamanin da auduga ke da daraja. In an gama cin tuwo, kakarmu Iya Tabawa takan tura karan dawa cikin wuta, mu kewaye ta. Ba ta dariya in tana tatsuniya. Sai ta dubi bayanmu, kamar akwai wanda ya tsaya yana saurare, sannan ta ce, "Ga ta nan tafe. Kada wanda ya waiwaya."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Delu mai itace. Delu ta shiga daji ta tarar da mutanen ɓoye suna cin kasuwa a gindin kuka, babu wanda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Ta yi sha'awar kayansu, suka ce ba a ciniki sai da yarensu. Yaren kuwa mai doka ne, kowace kalma da mazauninta, in ka kauce a mare ka ba ka ga hannu ba. Suka yarda za su koya mata, amma duk kalmar da suka ba ta, sai ta ajiye tata guda a kogon kukar.

"Ta ba da tsintsiya," in ji Iya Tabawa, "ta ba da ludayi. Ta ce me zan yi da sunansu, ai ina ganinsu."

Delu ta yi arziki. Ran nan ciwon ajali ya kama uwarta. Ta riƙe hannun 'yarta kamar yadda aka saba, ta ce, "Delu, na yafe miki. Ki yafe mini." Delu ta buɗe baki, ba ta samu komai a ciki ba sai yaren mutanen kuka. Tsohuwa ta cika tana jira. Iya ta ce har yau wanda ya bi ta wurin da magariba zai ji ana cewa "Delu?" a hankali, kuma ba a amsawa.

Yau ni ce tsohuwar, a Funtua, ƙafa ta ƙi, numfashi sai lallaɓawa. Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, ya kawo mini 'yarsa Hajara hutu daga Abuja. Takwarata ce. A makarantarsu horo ake yi wa yaron da ya yi Hausa, a gida ma sun daina yi mata. Takan zauna bakin gadona da littafin dokokin Turanci, tana jera baƙaƙe ɗaya-ɗaya can ƙasan maƙoshi, ta goge, ta sake. In na ce, "Takwara, zo," sai ta dubi ubanta ya fassara.

Shekaranjiya shi da ƙaninsa Sani suka zauna tsakar gida suna musun siyasa.

"Yaya, jam'iyya biyu ta isa," in ji Sani. "Sauran duk manna fosta suka iya."

"Biyu? In suka haɗa baki, wa za ka kai wa kuka, ɗan ƙauye?"

Na bari suka lafa, sannan na kira babban. Na ce, "Alhaji, yarinyar nan ba ta jin maganata."

Ya yi dariya. "Hajiya, jarrabawa ce. In ta faɗi Turanci, ba jami'a."

Na ce, "To. Ranar da na kwanta na riƙe hannunta, kai za ka tsaya tsakaninmu kana fassara?"

Ya dubi ƙasa. Sani ma ya sunkuyar da kai.

Da ina yarinya na ɗauka Iya tana hana mu zuwa daji ne. Sai da na tsufa na gane ba shiga kasuwar ce ta cuci Delu ba, ajiye nata da ta yi ne. Ban ƙi Turancin Hajara ba, Allah ya ba ta sa'arsa.

Jiya babban ya koma Abuja shi kaɗai, ya bar mini ita sai an buɗe makaranta. Yau da safe ta shigo da kofin koko, ta daɗe tsaye tana motsa leɓe. Can ta ce, "Ina kwana." Maganar ta fito a karkace, kamar an jawo ta daga wuri mai nisa. Na amsa da sauri, kafin ta koma.