Mabuɗin da Ke Bakin Alhaji

Shekarar da aka kawo mana kwamfuta a ofishin aikin gona da nake aiki a Funtuwa, ni kaɗai ce mace cikin akawuna, kuma ni na fi kowa saurin buga tafireta, don haka aka ce in koma kanta. Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin. Aka ware mata ɗaki mai fanka biyu da labule, sai an cire takalmi ake shiga. Ni kuwa shekara shida ina gumi a kusurwa, ba wanda ya taɓa tunanin ina bukatar iska sai da ƙarfe ya zo.

Aikina shi ne in kwashe rajistar filayen noman rani na fadamun wajen Malumfashi in zuba a cikinta: sunan manomi, ƙauyensu, lambar fili, da shekarar da aka ba shi. Injiniyan da ya haɗa mana ita ɗan wani Ibo ne mai sayar da kayan rediyo a kasuwarmu. A Funtuwa aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri, amma a Kaduna yake aiki. Shi ya ba kowa sunan shiga da kalmar sirri, ya kuma yanka wa kowa iyakarsa kamar yadda Alhaji, shugaban ofishinmu, ya umarta. Ni an ba ni izinin ƙara suna kawai. Da zarar na danna ya shige, ba ni da ikon sake ganinsa, balle in gyara ko in fitar a takarda. Alhaji ya ce idan akawu yana ganin rajista, gobe danginsa za su san filin da ba mai shi. Na ji haushi, amma ba ƙarya ya yi ba. Dubawa da gyara da bai wa wani izini duk suna ƙarƙashin kalma ɗaya, tasa.

A gabana injiniya ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan mabuɗin ba shi da safaya. In ya ɓata, ko ni ba ni iya buɗewa. A rubuta a ba mutum na biyu ya aje."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "A gidanmu maigida kaɗai ke buɗe rumbu, kuma har yau ba mu kwana da yunwa ba."

Wata takwas na yi ina zubawa a rumbun da ba na ɗiba. Da na gama, aka jibge tsofaffin rajistocin a baranda, tunda an ce komai yana cikin na'ura. Damina ta taɓa wasu, sauran masinja ya riƙa rabar wa masu ƙosai da tsire na bakin titi. Ni da kaina na ci ƙosai a shafin mutanen Danja, na karanta sunaye uku da mai ya jiƙa, na yi dariya na jefar.

Da lokacin aikin hajji ya zo, Alhaji ya samu kujera. Ranar sallama ya bi ɗaki ɗaki yana neman gafara kamar yadda ake yi. Tun asuba na shirya maganar kalmar sirrin nan a bakina. Ya tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta, ya cire takalmi, ya ce, "Malama, in na taɓa ɓata miki, ki yafe ni. Tafiya ce, ba a san dawowa ba."

Shi yana da damar faɗar haka. Ni ba ni da ita. Yaya zan dubi dattijo sa'an ubana, yana shirin tafiya Makka, in ce ya bar mana kalmar ko da ba zai dawo ba? Kowa zai ce fatan mutuwa na yi masa. Mataimakinsa yana tsaye a bayansa, na san abin da ke ransa ke nan shi ma, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ba ka yi mini komai ba, Alhaji. Allah Ya dawo mana da kai lafiya."

Ya dawo, amma a kwance. Can ya faɗi, rabin jikinsa ya shanye, harshe ya ƙi tashi. Aka wuce da shi gidansa a Bakori.

Kafin kaka ta ƙare aka kafa kwamitin sake rabon fadama. Suka ce duk mai fili ya kawo katinsa, ko a nuna sunansa a rajista, kafin a fara noman rani. Wanda ba shi da ko ɗaya, filinsa ya koma hannun kwamiti. Kawuna na Ƙarfi, ƙanen mahaifiyata wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana, yana da fili a can. Da tumatir da albasar filin nan ya kai ni makarantar koyon tafireta. Katinsa kuwa gara ta cinye shi a cikin akwati tare da rigar sallarsa. Bai damu ba ko kaɗan. Yana gaya wa mutane, "Ai ɗiyata ce ta rubuta mu a injin."

Mataimaki ya zama muƙaddashi, ya sa ni gaban na'ura ya ce in fito da rajista. Na shiga da sunana, na nemi a nuna mini, ta ce ba ni da izini. Ya shiga da nasa, ashe shi ma ba a ba shi komai ba sai lissafin taki da iri. Muka koma kan sunan Alhaji muna cankar kalmarsa. Sau uku kawai take ba mutum, a na ukun sai ta kore shi, a sake tayar da ita daga farko. Muka gwada sunayen 'ya'yansa, na matansa, lambar motarsa, sunan unguwarsu, har sunan dokin da aka ce ya taɓa riƙewa. Na cika littafi guda da kalmomin da ba su ba ne.

Aka aika wa injiniya ya zo daga Kaduna. Kwana biyu ya yi. Ya kwafe rajistar a faifai ya kai wata na'ura, abin da ya fito ba ya karantuwa, tarkacen alamomi kawai, don kullewar har cikin rubutun take. Ya goge fuska ya ce mini, "Yaya, sunayen suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Amma in ba bakin Alhaji ba, ba mai fito da su."

Shi ya kawo dabarar kwali. Ya zana haruffan madannan kwamfuta manya manya a bayan kwalin sabulu, muka hau mota zuwa Bakori. Mun tarar da Alhaji a jingine da matashi a zaure, ya rame, idonsa ne kawai nasa na da. Ya gane mu. Na durƙusa na gaishe shi, na riƙe masa kwalin, injiniya ya yi masa bayani a hankali. Ya ɗaga hannun hagu yana rawa, ya taɓa harafi ɗaya, yatsan ya zame zuwa na kusa da shi. Ya sake, ya sauka wani wuri dabam. Ina rubuta duk abin da ya taɓa. A karo na biyar ya tsaya yana kallon kwalin, na ga shi kansa nema yake bai samu ba. Hawaye suka bi gefen fuskarsa da ya mutu. Hajiya uwargidansa ta ɗaga labule ta ce, "Don Allah ku bar shi haka nan." Na naɗe kwalin ina jin kunyar da ta fi wadda na guje wa ranar sallama.

Mun gwada abin da ya taɓa ta kowace fuska har mako guda. Ba ta buɗe ba.

Kawu ya zo ofis ranar kasuwa, karon farko a rayuwarsa. Ya cire takalmi ya shiga ɗakin, ya daɗe yana kallon na'urar. Ya ce, "Ɗiyata, ba ke kika ce da hannunki kika sa sunana ciki ba?"

Na ce, "Ni ce, Kawu."

"To, ki sa hannu ki ciro mana."

Na yi masa bayanin izini, da mabuɗi, da iyakar da aka yanka mini. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, bai zarge ni da komai ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Dagacinsu da maƙwabtan filinsa sun je sun ba da shaida, kwamiti ya ce takarda aka ce, ba baki ba.

Bayan mako biyu aka ajiye mini sabon jerin rabo a kan tebur, aka ce in zuba, tunda izinin ƙarawa dai har yanzu ina da shi. A shafi na huɗu na ci karo da lambar filin kawu, da sunan wani mutum daga cikin gari a gefenta. Fankokin nan biyu suna ta juyi a kaina. Na buga sunan mutumin nan harafi bayan harafi, na danna. Ta karɓa nan take, ba ta tambaye ni komai ba.