Mushen Akuya a Bakin Gonarmu

Ina koyar da ilimin halittu a wani kolej a Dakoro, amma gonar da babanmu ya bar mana tana can wajen Rumbu. Ni ke noma ta, tunda ƴan'uwana maza duk sun tafi bida, neman kuɗi a wasu garuruwa. Kowace shekara nakan zana wa yara a allo yadda rana ke ba hatsi ƙarfi, kusu ya ci hatsi, dila ya ci kusu. Nakan gaya masu ƙarfin nan raguwa yake a kowane baki, domin kusu yana ƙone mafi yawansa wajen gudu da ginar rami, ɗan abin da ya rage ne ke isa cikin dila. Shi ya sa sai kusu mai tarin yawa ke riƙe dila guda.

Ban san zafin wannan darasi ba sai shekarar da aka sa guba a dajinmu. Dila ya dami masu awaki, aka barbaɗa guba a mushe aka ajiye masa. Diloli suka mutu, ungulayen da suka sauka kan mushen suka mutu, har da karen wani maƙwabcinmu. Da damina ta faɗi muka yi shuka, kusu ya bi layi yana tone irin rami bayan rami. Na yi ta maimaita shuka har irin da na ajiye ya ƙare, kuma abin da na girbe bai cika rabin rumbu ba.

Bayan shekara biyu, da bazara, na je sassabe sai na tarar da amalanken jaki a bakin gonar. Baffana ne, ƙanen babanmu, wanda garkensa na awaki ke kwana kusa da wurin. Ya sauke mushen akuya ƙarƙashin aduwa, ya tsaga cikin, yana zuba wani farin gari daga leda.

Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, me kuke sa wa?"

"Maganin ɓarawo," ya ce. "Ƴan awakina biyu ya ɗauke cikin watan nan."

"Allah ya mayar da alheri. Amma ba a gonar nan ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke, ɗiyar nan, da ni kike?"

"Da ku nake, Baffa. In dila ya mutu, kusu zai cinye mani iri, ku ma ya cinye naku. Mun gani."

Ya ce karatun lakwal, wato boko, ya taɓa mani kai, ya hau amalankensa ya tafi ya bar mushen. Ina jin ya ɗauka ba zan iya taɓa abin da babba ya ajiye ba. Ungulu guda har ta fara kewaya sama. Na ɗaure hancina da gefen mayafi, na ɗauki hauya na gina rami mai zurfi, na tura mushen ciki da sanda tare da ƙasar da garin ya zuba a kai. Na tara karan hatsi na cinna wuta, da ta ci na rufe ramin, na jibga ƙaya a sama. Ban tsaya ba sai da na gama.

Baffa ya kai ƙarata wurin mai gari. Kafin in je, na bi bayan tudun da diloli ke bi, na tsinci busasshen kashinsu na ƙulle a tsumma. A ƙofar mai gari maza sun cika tabarmi. Baffa ya faɗi asararsa, kuma gaskiya ya faɗa, domin akuya ce abin da yake sayarwa idan hatsi ya ƙare. Da aka ba ni magana na kwance tsumman, na murƙushe kashin da tsinke. Gashin kusu ne cunkus, da ƙananan ƙasusuwa, da ƙafafun fara, da ƙwallon magarya.

"Ranka ya daɗe, ga abin da yake ci kullum," na ce. "Akuya yakan samu ne in an bar ta a fili."

Wasu suka yi dariya, wani dattijo ya ce bai taɓa ganin mace ta kawo kashi gaban shari'a ba. Mai gari bai yi dariya ba. Ya ce gona tawa ce, ba mai sa guba cikinta sai da yardata, amma in ba Baffana haƙuri, kuma tunda na hana shi maganinsa, in nemo masa wani.

"Shinge zan yi masa," na ce. "Haƙurin kuwa, na asarar awaki na ba shi. Na gubar ba zan bayar ba."

Baffa ya kaɗe rigarsa ya tashi.

Ni da matarsa muka sari ƙaya muka kewaye makwancin awakin, har ƙayar ta yayyage mana hannuwa. Duk da haka dila ya sake ɗauke ɗan akuya guda da ya yi nisa wajen kiwo, kuma duk garin ya ji labari daga bakin Baffa. Shukata ta tsira a karon farko, amma ba zan ce don dila kaɗai ba ne, ruwa ma ya zo da kyau. Har yanzu akwai masu sa guba a can cikin daji, inda ba ni da iko.

Baffa ya daina amsa gaisuwata har bayan kaka. Ban fasa gaishe shi ba, ban kuma janye maganata ba. Ranar sunan ɗana na uku sai ga shi ya zo Dakoro da ƙwaryar nono. Ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Har yanzu kina kiwon dila?"

"Ina kiwonsu, Baffa," na ce. "Ku matso ga fura."